Yadda ake gane gizo mai tsalle da ake zaton ya biyo kayan waje

Wanga bayani na yi shi ne saboda ƴan'uwa masu aikin magaza da masu sauke kamyo da masu kwance dilar gwanjo a nan Maradi, waɗanda sukan ga wani ɗan gizo-gizo ya yi tsalle daga cikin karto sai hankali ya tashi a ce ai daga Caina ya zo ko daga Amurka, a bi shi da takalmi. Na jima ina wanga aiki na kama su da ɗaukar hotonsu da tantance su, kuma abin da zan fara gaya maka ɗan'uwa shi ne mafi yawan waɗanda za ka gani namu ne na gida, ko kuma irin waɗanda asalinsu daga Afirka ne suka bi jiragen ruwa suka cika duniya tun da daɗewa. Baƙo na gaske yana zuwa, amma sai ka fidda na gida daga lissafi kafin ka ce ga baƙo. Dangin masu tsalle, waɗanda masana ke kira Salticidae, sun fi kala 6,000 a duniya, babu dangin gizo da ya kai su yawa, don haka ba aikin gaggawa ba ne.

Kayan aiki

Ƴan buteli ko ƴan robobi masu haske masu murfi, a wanke su bushe, irin na magani ko na mayonas duk suna yi, ka tanadi da yawa don kowane gizo da nashi. Takarda mai ɗan kauri ko katin waya da aka kankare. Burushi mai laushi irin na zane, in babu gashin kaza ya wadatar. Tocila. Safar hannu. Waya mai kamara. Lup, wato madubin ƙara girma, mai ninki 10 ya fi, masu gyaran waya da masu gyaran agogo suna da shi. Rula mai milimita, in babu ka yago takardar kaye mai ƙananan karo, kowane karo milimita 5 ne. Auduga da ɗan ruwa. Alkol na farmasi mai digiri 70. Fensir da farar takarda, fensir fa, ba bik ba. Sai farin ƙyalle ko farin buhu da za ka shimfiɗa a ƙasa.

1. Fara da bangon gidanku kafin ka taɓa kayan kowa

Nan ne mutane ke tsallakewa kuma nan ne duk aikin yake. Ka ɗauki ƴan kwanaki kana duba bangon gida, bangon masallaci, jikin ƙofa, taga, bayan randa, gindin darbejiya, da wajen da ƙwan lantarki ke tara ƙwari. Da hantsi suka fi fitowa in rana ta fara dukan bango, su masu farautar rana ne. Ka yi ta ɗaukar hoton duk wanda ka gani. In kana da hali ka leƙa unguwar da ba ta da alaƙa da magaza, ko lambunan bakin Gulbi, ko ƙauye wajen Madarunfa, ka ga abin da ke can. Duk gizon da ka gani a bangon kakarka a ƙauye, gobe in ka gan shi cikin karto ba za ka ce daga waje ya zo ba. Wanda bai san na gida ba kowane gizo baƙo ne a wurinshi.

2. Buɗe kaya da bincike

Kafin komai, in kontena ce ko kamyo rufaffe ko buhunan hatsi, a buɗe a bar iska ta shiga sosai kafin mutum ya sa kai. Ana sa maganin ƙwari mai hayaƙi a irin wanga kaya kuma shi ne ke kashe mutum, gizo bai kai nan ba. In ka ji wari mai kama da tafarnuwa ko kai ya fara sarawa ka fita waje nan take.

Shimfiɗa farin ƙyalle, ɗora karto a kai, sa safar hannu, ka buɗe a hankali. Wuraren da nake dubawa su ne lungun karto inda aka naɗe baki, ramukan jikin karton kanshi, ƙarƙashin salatif da ya ɗago, tsagar katakon da ake ɗora kaya a kai, ɗinkin bakin buhu, cikin takalman gwanjo da aljihun jakunkuna. In mota ce da aka sauko da ita, duba bayan madubin gefe, robar bakin ƙofa, wajen murfin tanki, ƙarƙashin taya ta ajiya. In tsirrai ne ko kayan marmari, juya ganye ka duba ƙasanshi, nan ne ma suka fi samun tsira don akwai ɗanshi da abinci.

Ba gizon kaɗai kake nema ba. Mai tsalle ba ya saƙa yana don kama abinci, abin da yake saƙawa ɗan ɗaki ne fari mai kauri, dogo-dogo, manne a lungu, a ciki yake kwana, a ciki yake saɓa, a ciki mace ke zuba ƙwai ta zauna gadi. In ka ga irin wanga kar ka yage, yanko takardar da yake manne da ita gaba ɗaya ka jefa cikin buteli.

Tun a wurin ka rubuta kwanan wata, irin kayan, ƙasar da aka rubuta jikin karto, hanyar da ya biyo, ko a rufe yake da salatif na asali ko an taɓa buɗewa a duwan, da daidai inda ka ga gizon, ciki ko waje. Jikin katakon ɗora kaya sau da yawa akwai hatimi da aka ƙona, mai haruffa biyu na ƙasa kamar CN na Caina ko IN na Indiya ko TR na Turkiyya, da HT ko MB wanda ke nuna yadda aka kashe ƙwarin katakon, da zafi ko da hayaƙi. Ɗauki hotonshi. Amma ka sani hatimin yana faɗin inda aka gyara katakon ne, katako kuwa yana yawo ƙasa-ƙasa.

3. Tabbatar mai tsalle ne

Tsalle kaɗai ba hujja ba ce, ido ne hujja. Mai tsalle yana da ido takwas. Huɗu a gaba a jere, biyun tsakiya manya-manya sosai har kana ganinsu ba lup, biyun gefe sun fi ƙanƙanta. Bayansu akwai wasu ƴan mitsi-mitsi guda biyu da sai da lup, sai kuma biyu can baya a saman kai, ɗaya kowane gefe. Gaban kan a baje yake, kusan murabba'i. Jiki dunƙule, ƙafafu gajeru masu kauri, yawanci da gashi. Tafiyarshi tsaya-tafi ce, ya ɗan ruga ya tsaya, in ka matso da yatsa sai ya juyo gaba ɗaya ya ɗaga kai ya dube ka. Wanga juyowa ba kowane gizo ke yinta ba, da ka ganta ka kusa gamawa. Kuma duk inda zai yi tsalle sai ya manna zare a baya, shi ya sa in ya faɗo sai ka gan shi yana lilo.

Waɗanda ake ruɗewa da su: akwai masu gudu a ƙasa masu launin ƙasa, suna da manyan ido biyu su ma amma da jerin ƙanana huɗu a ƙarƙashinsu, da dare in ka haska tocila idonsu na ƙyalli, macensu kuma tana jan jakar ƙwai a gindi. Akwai masu zama kan ganye da ke tsalle su ma, amma ƙafafunsu dogaye ne sirara cike da ƙayoyi tsaye. Akwai faffaɗan nan mai mannewa da bango mai gudun gefe-gefe, shi ma ba ya ciki. A ɗaya gefen kuma akwai mai tsalle na gaske da za ka rantse tururuwa ce, ana ce musu Myrmarachne, yana ɗaga ƙafafun gaba biyu yana kaɗawa, ƙirga ƙafa za ka samu takwas kuma ga manyan idon nan.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. In ka ga yanar gizo a hargitse mai ƙarfi a lungu, da gizo mai ƙulluɓeɓen ciki da dogayen ƙafafu sirara yana rataye a kife, da tambari ja ko ruwan lemu a ƙarƙashin ciki, da jakar ƙwai zagayayya mai ƙaya-ƙaya, wannan ba mai tsalle ba ne, dangin Latrodectus ne, dafinsu na da ƙarfi kuma suna son magaza da tsofaffin tayoyi. Kar hannu ya je wurin, da sanda da buteli ake yi.

4. Kamawa

Kifa buteli a kanshi daga sama ko daga gaba, zura kati ta ƙasa, juya, rufe. In ka zo ta baya zai gan ka da idon baya ya tsere. Dabarar da ta fi min sauƙi ita ce in riƙe buteli a gabanshi, in taɓa shi ta baya da burushi, shi da kanshi zai faɗa ciki. In ya yi tsalle ya rataya da zare, sa buteli a ƙarƙashi ka yanke zaren daga sama.

Kar ka kama da yatsa. Ba don cizo ba, don gashin jikinshi da ke ɗauke da launi yana gogewa, zanen da za ka tantance shi da shi sai ya tafi, ƙafa ma na iya cirewa. Kar ka fesa maganin sauro, yana ƙanƙance shi ya lanƙwashe. Kar ka haɗa biyu a buteli ɗaya, da safe ɗaya za ka tarar. Saka ɗan guntun takarda a ciki ya samu abin kamawa da ƴar auduga mai ɗan laima, ba jiƙe sharkaf ba, digon ruwa babba na iya nutsar da ƙarami. Sannan inuwa, inuwa, inuwa. Zafin Maradi a watan huɗu da na biyar yana wuce digiri 40, buteli a rana ko cikin akwatin babur minti kaɗan ya gama da shi.

5. Hoto

Hoton da ba rula ba shi da amfani sosai, don haka ɗora gizon a kan takardar karo ko kusa da rula. Tsawon da ake aunawa daga goshi ne zuwa ƙarshen ciki, ba a sa ƙafafu. Mutane da yawa suna haɗawa da ƙafa sai su kawo girma ninki biyu, lissafi ya lalace.

Hoto huɗu kake buƙata, daga sama, daga gaba ido da ido, daga gefe, da ta ƙarƙashi. Na ƙarƙashi ta jikin buteli ake ɗauka in ya hau bango, ko ka sa shi cikin farar leda mai haske ka ɗan matse a hankali yadda ba zai motsa ba. Fita waje ka tsaya a inuwa mai haske, kar ka kunna filashi kai tsaye jikin roba, ƙyalli zai rufe komai. Kar ka ja zum har ƙarshe, gara ka ɗora lup a bakin kamara ka matso da hannunka gaba da baya har ya fito tsaf. In babu lup, ɗan ƙaramin digon ruwa a kan gilashin kamara yana ƙara girma, ka goge da ka gama. In ya ƙi tsayawa sa butelin cikin firigo minti biyu zuwa uku, wajen sanyi kawai ba wajen ƙanƙara ba, zai lafa ka samu ɗan lokaci kafin ya warware. In wuta ta ɗauke, ɗora butelin kan ƙanƙarar leda da ka naɗe da ƙyalle. Wata hanya kuma ka yi bidiyo ka ciro hoton da ya fi kyau. Ka ɗauka da yawa, yawanci ɗaya ko biyu ne ke fita.

6. Namiji ne, mace ce, ko yaro

Kusa da baki akwai wasu ƴan hannuwa biyu gajeru. A wajen namiji balagagge bakinsu a kumbure yake kamar hannun ɗan dambe da aka ɗaure da zare. A wajen mace sirara ne, ita kuma in ka duba ƙarƙashin ciki kusa da ƙugu za ka ga ɗan tambari mai duhu mai tauri, alamar ta balaga. In babu ko ɗaya to yaro ne.

Abin da ya sa wanga ke da muhimmanci, namiji da mace na kala ɗaya sukan bambanta har ka ɗauka ba dangi ba ne, kuma masana da waɗannan gaɓoɓin suke yanke hukunci a ƙarƙashin madubin bincike, launi taimako ne kawai. Yaro kuwa ba a iya faɗin kalarshi da tabbaci. In yaro ka samu ka riƙe shi ka ciyar, ƙaramin ƙuda ko sauro mai rai duk bayan kwana biyu ko uku, abincin kar ya fi shi girma, kar ka ba shi tururuwa ko cinnaka. In ya shige ɗakin saƙarshi ya daina ci, saɓa zai yi, cire duk ƙwaron da ke ciki ka ƙyale shi har ya fito da kanshi.

7. Fidda na gida daga lissafi

Akwai guda uku da dole ka haddace, don su ne za ka fi haɗuwa da su a gini a duk ƙasashe masu zafi.

Plexippus paykulli. Tsawo wajen milimita 9 zuwa 12. Namiji baƙi ne da farin layi mai faɗi da ya bi tsakiyar baya daga kai har ƙarshen ciki, da fararen layuka a gefe. Mace ruwan ƙasa-ƙasa ce, layin tsakiyarta ya dishe, da ɗigo biyu farare wajen ƙarshen ciki. Yana son bango kusa da fitila. Shi ne wanda aka fi kawo min a ce an kama baƙo, saboda zanen namijin yana da ɗaukar ido.

Menemerus bivittatus. Ruwan toka, jiki a baje kamar an danne, milimita 8 zuwa 10, yana sajewa da bangon siminti da bawon itace. Namiji yana da baƙin layi a tsakiyar ciki, mace kuma tsakiyarta fari-fari ne baƙaƙen layukan suna gefe biyu. Daga Afirka ya bazu zuwa sauran duniya.

Hasarius adansoni. Ya fi su ƙanƙanta, namiji wajen milimita 6, mace har 8. Namiji baƙi ne da jan gashi a kewayen ido, ƴan hannuwanshi da farin gashi mai haske yana ta kaɗa su, da farar baka a farkon ciki. Mace ruwan ƙasa ce ba ado. An sa mishi sunan Michel Adanson, Bafaranshe da ya yi binciken halittu a Senegal wajen 1750, kuma shi da Plexippus paykulli duka a 1826 aka fara rubuta bayaninsu daga samfurin ƙasar Masar. Yau har a gidajen gilashi na renon tsirrai a Turai ana samunshi, kaya ne suka kai shi.

To ka ga matsalar. Ko ɗaya daga cikin ukun nan in ka same shi cikin karton da ya fito daga Indiya, yana iya yiwuwa da gaske daga Indiya ya taho, yana iya yiwuwa a Lome ya hau, yana iya yiwuwa jiya ya sauko daga rufin magaza. Ido ba zai raba ba, kuma ba wani abin damuwa ba ne tunda kalarshi tana nan tun da can. Bayan su akwai namu na daji da ke shigowa gari da damina, irin su Hyllus manya masu gashi ruwan toka, da Thyene masu layuka masu ƙyalli da ruwan lemu a ciki. Waɗannan biyun suna yawan sa mutum ya yi zaton ya kama ɗan Amurka ko ɗan Asiya.

8. Alamun da ke sa in tsaya in ce a duba wanga da kyau

In kayan daga Amurka ko Kanada suke, mota ko gwanjo, duba haƙora. Dangin Phidippus suna da muƙamuƙi mai ƙyalli kore ko shuɗi a ƙarƙashin manyan idon, daga gaba ake gani. Phidippus audax baƙi ne ƙaƙƙarfa mai gashi, yakan kai milimita 15, da babban ɗigo fari a tsakiyar ciki da ƙanana biyu a bayanshi, a wajen yara ɗigon kan zama ruwan lemu. Phidippus ƴan nahiyar Amurka ne, in ka samu wanda ya cika waɗannan alamu ka kama abu mai muhimmanci.

In daga Turai ne, akwai Salticus scenicus, ƙarami wajen milimita 5 zuwa 7, baƙi da fararen layuka da suka gitta ciki a karkace, ba su bi tsawo ba. Kula da wanga bambanci, layin Plexippus tsawo yake bi, na wanga gittawa yake. Namijinshi yana da dogayen muƙamuƙai da suka miƙo gaba. Ɗan ƙasar sanyi ne.

In daga Indiya ko kudu maso gabashin Asiya ne, musamman tsirrai, akwai Telamonia dimidiata, mace fara-fara mai ruwan ɗorawa da layuka biyu ja-ja a tsawon ciki, namiji mai duhu da farin zane. An jima ana yaɗa ƙarya a intanet cewa wanga gizo yana ɓuya a masai yana kashe mutane, ba gaskiya ba ne ko kaɗan, in an turo maka a WhatsApp kar ka tura gaba.

Amma ka riƙe wanga, kama ba ita ce hujja ba. Gizon yankinmu na Sahel ba a yi musu bincike mai yawa ba, masana irin su Wanda Wesołowska ta ƙasar Folan sun yi shekaru suna rubuta sababbin kaloli daga Afirka, har da aikin da ta yi da wani abokin bincike kan na kudancin Najeriya a 2011. Don haka in ka kama wanda ba ka ga hotonshi ko'ina ba, zai fi yiwuwa namu ne da ba a ɗauki hotonshi ba.

9. Auna hujja

Zauna da takardar da ka rubuta a mataki na biyu. Kayan da ke iso Maradi tafiya mai tsawo suke yi. Daga Asiya zuwa gaɓar Afirka ta Yamma jirgin ruwa yakan ɗauki wata ɗaya ko fiye, sannan zaman tasha, sannan hanya, kuma tun 2023 kaya da yawa ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina, kamyo na kwana a wurare barkatai. Wasu kuma ta Kano da Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, an sauke an loda ba sau ɗaya ba. Kowane zango dama ce ga gizon wurin ya hau. Gizo na jure yunwa makonni in ya lafe cikin saƙarshi, ƙwai ma haka, amma zafin cikin kontena da rashin ruwa suna kashe mafi yawa.

Ga yadda nake aunawa. Hujja mai ƙarfi, an same shi cikin karto ko leda da ke rufe da salatif na kamfani, ko dila da ba a kwance ba, a ranar da aka buɗe, ko an samu matacce ko ɓawon saɓa a ciki, kuma kalarshi ta dace da ƙasar da kayan suka fito, kuma ba ka taɓa ganin irinshi a bangon gari ba. Hujja mai rauni, an gan shi a bayan karto, ko kayan sun yi mako a magaza, ko da damina ne lokacin da ƙwari suka yi yawa. In mai rauni ce ka rubuta "an same shi a kan kayan waje", kar ka rubuta "ya zo daga waje". Kuma ka koma magazar bayan mako ɗaya da bayan wata ɗaya ka duba bango da rufi, in ka fara ganin yara irinshi to labari ya canza, yana neman zama ke nan.

10. Ajiya da kai wa masana

Wanda kake zargin baƙo ne kar ka sake shi, ko da tausayi ya kama ka. Na gida da ka tabbatar kuwa mayar da shi bango, ƙuda da sauro yake ci maka. In za ka ajiye baƙon, ka gama hotunanka tukuna don alkol na canza launi. Sa shi wajen ƙanƙara ya kwana, ita ce mutuwa mafi sauƙi gare shi, sannan ka sa shi cikin alkol mai digiri 70 ya nutse gaba ɗaya. In mai 90 ka samu, awo bakwai na alkol da awo biyu na ruwa mai tsabta zai ba ka 70. Kar ka shanya shi, gizo ba fara ba ne, cikinshi motsewa yake ya lalace. Kar ka sa shi a kananzir ko turare ko man goge hannu mai kauri. Rubuta wuri da kwanan wata da irin kaya da fensir a ƴar takarda ka jefa cikin butelin, tawadar bik narkewa take, takardar da aka manna a waje kuma faɗuwa take. Bayan kwana biyu canza alkol ɗin in gizon babba ne, ka rufe da kyau ka ajiye a duhu.

Hotunan ka ɗora su a iNaturalist, manhaja ce kyauta, ka sa wuri da kwanan wata daidai ka rubuta a cikin kayan da ka same shi. Sunan da manhajar ke kawowa da kanta kar ka ɗauke shi hukunci, ta fi sanin na Turai da Amurka, sau da yawa takan liƙa wa namu sunan nasu. Zaɓi Salticidae kawai ka jira mutanen da suka san aikin su duba. Samfurin kuma kana iya kai shi ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma, ko wajen masu binciken ƙwari na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tare da takardar bayaninka. In cikin tsirrai ko hatsi ka same shi ka faɗa musu haka tun farko, don inda gizo ya tsira akwai ƙwarin da ya ci ya rayu, kuma su ne suka fi zama barazana ga gona.

In an yi rashin sa'a ya ciji wani, abin da ba kasafai ba sai an matse shi, yawanci ɗan ja ne da ƙaiƙayi da ke wucewa. A wanke da sabulu da ruwa, a ɗora abu mai sanyi, kar a tsaga kar a ɗaure. In fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ya bazu zuwa ciki da baya da zufa, a tafi likita nan take a tafi da gizon cikin buteli, don mai yiwuwa ba mai tsalle ba ne ya yi cizon.